Yadda Baƙo Zai Yi Zirga-zirga a Lamu: Ƙafa, Jirgin Fito da Jaki

Lamu tsibiri ne a gaɓar Tekun Indiya, can arewacin Kenya, ba nisa da iyakar Somaliya. Garin da ke kansa, wanda shi ma Lamu ake kira, tsohon garin Musulmi ne na Sawahili, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Babu tasi a garin, babu bas. Motocin da ke tsibirin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma na hukuma ne, irin su motar asibiti da taraktar kwashe shara. Abin da ya rage wa baƙo shi ne ƙafarsa, jirgin ruwa, jaki, sai kuma babur da ya shigo a 'yan shekarun nan. Garin ƙarami ne, cikin minti 20 za ka ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan. Amma mutane suna makara, suna biyan kuɗi ninki, suna kwana inda ba su yi niyya ba, kuma yawanci dalilin ɗaya ne: sun tsara tafiyarsu da agogon hannu, alhali a Lamu teku ne yake yanke lokacin tafiya.

Fara da sanin halin ruwa

Ruwan teku a nan yana cika sau 2, yana janyewa sau 2 a kowane yini da dare. Tsakanin cika da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. Wato idan yau ruwa ya cika da ƙarfe 2 na rana, gobe sai wajen 3 saura. Wanda ya ga jirgi ya tsaya daidai bakin matattakala jiya, ya ɗauka yau ma haka za a yi a daidai wannan lokaci, zai iya tarar da jirgin can cikin taɓo, shi kuma sai ya naɗe wando.

Ƙarfin cikar ma ba ɗaya ba ne duk wata. Duk wanda ya saba duba kwanan watan Musulunci ya riga ya sami rabin lissafin. A farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, ruwa yana cika maƙil, yana kuma janyewa nesa sosai. Bambancin kan kai mita 3 ko fiye. Masu jirgi suna kiran wannan bamvua. A waɗannan kwanaki cikar rana takan faɗo wajen la'asar, janyewar kuma da hantsi. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata ruwan kan yi sanyin jiki, ba ya cika sosai, ba ya janyewa sosai. Shi ne maji mafu. Wannan bambanci shi ke yanke ko za ka iya shiga wasu mashigai ko ba za ka iya ba. Akwai manhajojin waya da ke nuna jadawalin ruwa kyauta. Ka sauke ɗaya, ka sa Lamu, kafin ka bar gida. In ba ka yi ba, kowane mai jirgi a bakin ruwa ya san lissafin a ka.

Iska ita ce ta biyu. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, kaskazi, teku yakan lafa, ruwa ya yi garau. Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba kuma ta kudu maso gabas ce, kusi, kuma a Yuni da Yuli da Agusta tana da ƙarfi ƙwarai. Mashigin da ke tsakanin Lamu da tsibirin Manda a kare yake, ana fito a cikinsa duk shekara. Tafiya mai nisa zuwa buɗaɗɗen teku a lokacin kusi kuwa, idan mai jirgi ya ce yau ba rana ba ce, kada ka ƙara masa kuɗi don ya canza magana.

Shigowa

Filin jirgin saman Lamu ba a tsibirin Lamu yake ba. Yana Manda, tsallaken mashigi. Jiragen suna zuwa daga Nairobi, wasu daga Mombasa, kuma da yawansu suna yada zango a Malindi. Abin lura a Nairobi: filayen jirgi 2 ne. Wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar a Jomo Kenyatta zai sauka, amma ƙananan jiragen da ke zuwa Lamu da yawa daga filin Wilson suke tashi, kuma cunkoson garin kan cinye awa guda ko fiye tsakanin biyun. Ka duba tikitinka da kyau. Ƙananan jiragen kuma suna da tsauri a kan kaya, wasunsu kilo 15 kawai suke yarda da shi, a jaka mai laushi. Wannan ma alheri ne, domin ƙaton akwati mai taya ba shi da amfani a Lamu: yashi ne, matattakala ne, lungu ne.

Daga inda jirgi ya sauke ka, 'yar tafiya ce ta mintuna kaɗan zuwa gadar da jiragen fito suke tsayawa. Akwai 'yan dako da amalanke. Fito zuwa garin Lamu kamar minti 10 ne, zuwa ƙauyen Shela kuma kamar minti 20. A nan baƙo yake fara biyan kuɗin rashin sani, don jirgi iri 2 ne a wurin. Akwai na haya, inda kowa ke biyan kuɗin kujerarsa, a jira a cika a tashi. Akwai na shata, kai kaɗai da kayanka. Kuɗin shata yakan ninka na kujera sau da yawa, kuma mai jirgi da ya ga baƙo da jaka zai ɗauka shata kake so sai in ka faɗa. Ka faɗa kafin ka sa ƙafa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sanar da masaukinka lokacin saukarka tun kwana ɗaya kafin nan. Yawancinsu suna turo jirgi da mutum. Ka tambaye su ƙarara ko kuɗin fiton yana cikin kuɗin ɗaki.

Ana iya zuwa ta mota: daga Mombasa a bi Malindi, Garsen, Witu, har Mokowe, inda hanya ta ƙare, tafiyar awa 6 zuwa 7. Titin yanzu da kwalta, amma yana bi ta kusa da dajin Boni, inda 'yan al-Shabab suka sha kai hari, shi ya sa akwai shingayen jami'an tsaro da yawa, ana sauke fasinja a duba takardu, motocin haya kuma da rana suke bi. Fasfo ya kasance a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Wanda yake da halin jirgin sama, ya hau jirgin sama. Daga Mokowe, babban jirgin katako yakan yi kamar rabin awa zuwa Lamu, mai gudu kuma rabin haka ko ƙasa, kuɗinsa ya fi.

Da ka taka gadar Lamu, samari za su kewaye ka, wannan ya kama jaka, wancan ya ce zai kai ka masauki. Ba ɓarayi ba ne, 'yan kamasho ne. Duk wanda ya raka ka har ƙofar otal, za a ba shi lada, kuma ladan daga kuɗin ɗakinka zai fito, wani lokaci na kowane dare da za ka kwana. In ka riga ka kama ɗaki, ka faɗi sunan wurin, ka ce ana jiranka. In kana buƙatar ɗan dako, kuma gaskiya a ranar farko kana buƙata, ka zaɓi mutum ɗaya, ku yi ciniki a kan ɗaukar kaya kaɗai. "Hapana, asante", wato a'a na gode, da murmushi, ya isa sallamar sauran.

Garin da ƙafa

Taswirar Lamu ba ta da wuya in ka riƙe abu 3. Garin yana fuskantar gabas, yana kallon Manda. Akwai hanyar bakin ruwa mai faɗi, wadda ta miƙe daga arewa zuwa kudu. A nan gadojin jirgi suke, da bankuna, da gidan tarihi na Lamu, da ofisoshin kamfanonin jiragen sama. Bayanta kaɗan, jeri ɗaya ko biyu na gidaje, akwai babbar hanyar cikin gari da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita. A takarda sunanta Harambee, mutanen gari kuma Usita wa Mui suke ce mata. "Babbar hanya" dai a baki ne, domin a wurare da dama faɗinta bai wuce mita 2 ba. Shaguna, masu ɗinki, masu sassaƙa, masu sayar da katin waya, duk a nan suke. Abu na uku: daga wannan hanya ƙasa tana hawa tudu zuwa yamma, lunguna kuma suna hawa da ita.

Daga nan dabarar fita daga ɓata take. Kowane lungu yana da 'yar kwata a buɗe a gefensa ko a tsakiyarsa, kuma duk kwatocin teku suke gangarawa. Idan ka rikice, kada ka tsaya juya waya, domin tsakanin dogayen bangayen nan alamar taswira tana tsalle-tsalle, ta nuna ka a lungun da ba shi kake ba. Ka dubi inda ruwan kwata ya nufa, ka bi shi. Cikin minti 5 za ka fito babbar hanya ko bakin ruwa, ka sake lissafi.

Masallatai su ne alama ta biyu, kuma a nan Bahaushe yana buƙatar gyara abin da ya saba. A Lamu alƙibla arewa take, kusan sak, domin garin yana kudu da Makka a kusan layi ɗaya. Wanda ya shimfiɗa darduma a ɗakin otal ya kalli inda rana ke fitowa, ya kalli Manda ne. Amfanin wannan ga mai yawo shi ne, duk inda ka ga tudun mihrabi ya turo daga bangon masallaci, can ne arewa. Masallatan sun haura 20 a ɗan garin nan, yawancinsu ba su da hasumiya, sai ka zo daf da su za ka gane, galibi ta takalman da ke ƙofa.

Tsakiyar gari ita ce dandalin Mkunguni, gaban ganuwar Lamu, ƙaton ginin da aka fara wajen 1813 aka gama wajen 1821, wanda ya yi zaman gidan yari daga 1910 zuwa 1984. Kasuwa tana gefensa. In za ka yi alƙawari da wani, ka ce a haɗu a nan, ƙarƙashin bishiyoyi. Kowa ya san wurin. Arewa da ganuwa unguwar Mkomani ce, ta tsofaffin gidajen dutsen murjani masu hawa 2 da 3, da ƙofofin katako masu sassaƙa. Kudu kuma Langoni, mai yawan jama'a da hada-hada. Masallacin Riyadha, wanda malamin addini Habib Swaleh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, yana ciki-ciki, kudu maso yamma da ganuwa, tafiyar mintuna kaɗan a hawa tudu.

Lungunan Mkomani akwai waɗanda in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango biyu. Wasu an yi ɗaki a samansu ya haɗa gida da gida, wikio ke nan, sai ka bi ta ƙarƙashi cikin duhu ko da rana tsaka. Kada duhun ya sa ka juya, hanya ce ta kowa. Abin da ba hanya ba shi ne daka, ɗan shigifar da ke ƙofar gida mai dakali hagu da dama, kamar zaure a wurinmu: ana tsayawa a nan a yi sallama, a ce "hodi", a jira a ji "karibu". Baƙi da yawa suna kutsawa suna zaton lungu ne ya ci gaba.

Ƙa'idar lungu kuwa, mai kaya shi ke da hanya. Jaki ɗauke da mangalar yashi ko tubalin murjani ba ya iya matsawa, kuma sau da yawa ba kowa a bayansa, shi kaɗai ya san inda za shi. In ka ji ƙarar kofato ko an yi maka tsawa daga baya, ka manne da bango ko ka shige bakin wata ƙofa, ka ɗauke ƙafarka daga hanya. Mangala takan goge mutum a gwiwa, gefen tubalin murjani kuma yana yanka. Haka masu tura amalanke, mkokoteni, a gangara ba su da birki sai jikinsu. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, wanda in ya taka kashin jaki ko ruwan kwata za a wanke shi a wuce wurin. Da dare ka riƙe tocila; fitilun lungu ba ko'ina ba ne, wuta kuma tana ɗaukewa. Garin yana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan 6, duhu kuma ba ya jira.

Mai tafiya da tsoho, ko mai ciwon gwiwa, ya kula wajen zaɓen masauki. Tsofaffin gidajen da aka mayar masaukai matattakalarsu a tsaye take, ɗakuna masu iska kuma a sama suke. Ka tambayi hawa na nawa ne ɗakin, da nisan gidan daga bakin ruwa, kafin ka biya.

Lamu zuwa Shela

Shela tana kudu da Lamu da kilomita 3 da ɗoriya. A can manyan masaukai suke, da farkon rairayin bakin teku mai tsawon kusan kilomita 12, da masallacin Juma'a na 1829 mai hasumiya, wadda ake hangowa daga jirgi. Wannan ita ce tafiyar da baƙo zai fi yi.

A ƙafa minti 40 zuwa 45 ne. Ka bi bakin ruwa kudu, ka wuce Langoni, ka wuce asibitin King Fahd, ka ci gaba, teku na hagunka. Ba a ɓata. Matsalarta 2: rana da ruwa. Babu inuwa kusan duk hanyar, don haka ko kafin 9 na safe ko bayan la'asar. Sa'annan wani yanki kusa da Shela a kan yashi ake bi, kuma idan ruwa ya cika, musamman a bamvua, yakan rufe wurin, sai ka cire takalmi ko ka zagaya ta baya. Ka haɗa wannan da abin da aka faɗa a sama: a tsakiyar wata, tafiyar la'asar ita ce ke cin karo da cikar ruwa. A waɗannan kwanaki ka tafi da ƙafa da safe, ka dawo a jirgi.

Jirgin haya minti 10 zuwa 15 ne. Da safe da yamma ana cika da wuri, domin ma'aikatan otal-otal suna tafiya suna dawowa. Da rana tsaka sai ka zauna jira, mai jirgi kuma zai zo ya ce ko za ka biya kuɗin sauran kujeru. Wannan ciniki ne na halas, ba cuta ba. In kana sauri ka biya, in ba ka sauri ka ce za ka jira. Bayan magariba jiragen haya suna ƙaranci, farashi ya koma na shata, ya kuma hau. Wanda ya je Lamu cin abincin dare daga Shela, ya shirya komawarsa tun kafin ya zauna cin abincin. Ranar Juma'a daga wajen 12 zuwa 2 bakin ruwa yakan yi tsit.

'Yan acaba, boda boda, su ma suna bin wannan hanya, kuma sun fi kowa sauri idan ruwa ya janye. Zuwansu ya jawo gardama a garin, hukuma ta sha hana su shiga tsohon gari, don haka mai babur zai iya sauke ka a bakin unguwa ya ce iyakarsa ke nan. Hular kwano ba kasafai ake samu ba, yashi kuma yana kwashe taya. Mace mai dogon hijabi ko mai babbar riga ya tattare tufafinsa daga taya.

Ciniki da mai jirgi

Shugaban jirgi nahodha ake ce masa, kuma kiransa da haka yana buɗe magana da kyau. Kafin ka shiga, ku daidaita a kan abu 5, da baki, a gaban wani in da hali: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgi duka, zuwa ne kaɗai ko zuwa da dawowa, zai jira ka ne ko zai tafi ya dawo, kuma jiran na awa nawa, man fetur yana ciki ko a'a, a wace gada zai sauke ka. Rigimar da ake yi a bakin ruwa kusan duk daga ɗaya cikin waɗannan take tasowa, musamman na farko. A doguwar tafiya yakan nemi kafin alƙalami don sayen mai, wannan daidai ne, amma kada ya wuce rabi. Sauran sai an dawo. Kuma ka ba wa nahodha hannu da hannu. Wanda ya tare ka a hanya ya ce yana da jirgi, sau da yawa dillali ne, in ka ba shi kuɗi gobe ba lallai ka gan shi ba.

Lissafin kuɗi ba zai ba ka wuya ba, domin goma-goman Sawahili daga Larabci suke kamar namu: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini. Ɗari mia ne, dubu elfu. Mia mbili 200, mia tano 500. Ka riƙe ƙananan takardun shilin, na 50 da 100 da 200, don mai jirgi ba ya rasa cewa ba shi da canji. Kusan kowa yana karɓar M-Pesa, wato biyan kuɗi ta waya, in ka yi rajistar layin kamfanin waya na Safaricom da fasfonka. Na'urorin cire kuɗi a bakin ruwan Lamu suke. Ka cira a nan kafin ka nufi Shela ko ƙauyuka.

Agogo kuwa, nan ne ake yin asarar jirgi. Sawahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana. Saa moja, awa ta ɗaya, ita ce 7 na safe. Saa mbili 8, saa sita 12 na rana, saa kumi 4 na yamma. Bambancin awa 6 ne daidai. Matsalar takan zo ne idan nahodha ya juya maganar zuwa Turanci a kansa bai juya lissafin ba, ya ce maka 2 alhali 8 yake nufi. Maganinta: ka nuna masa lokacin a fuskar wayarka, ko ku ɗaura alƙawarin a kan salla, bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar. Wannan ba ya rikicewa. Ka kuma tabbata wayarka ta koma lokacin Kenya, wanda yake gaban na Najeriya da Nijar da awa 2.

Wajen shiga jirgi, matattakalar gada da ruwa ya janye daga kanta tana da gansakuka mai santsi kamar sabulu. Ka miƙa jakarka tukuna, hannuwanka su zama sake, ka kama hannun da aka miƙo maka, ka taka tsakiyar jirgi ba gefensa ba, ka zauna nan take inda aka nuna maka. Waya da fasfo su shiga jaka mai hana ruwa. Ka zo da ita daga gida, don Kenya ta haramta ledar zuba kaya tun 2017. Ka nemi rigar kariya, ka sa wa yara kafin a tashi. Idan ka ga an yi lodi har gefen jirgi ya kusa shafar ruwa, buhunan siminti a ƙasa, mutane a kai, ka sauka ka jira na gaba. Ba wanda zai ji haushi.

Jirgin gargajiya mai tafiya da iska, mai ƙaton ƙyalle mai kusurwa 3, wanda ake kira mashua ko jahazi gwargwadon girmansa, na shaƙatawa ne, ba na sauri ba. Yawon faɗuwar rana a cikinsa awa 2 ne, kuma ya cancanci kuɗinsa. Ka dai lura da kanka idan za a juya ƙyallen, sandar tana da nauyi. Kada ka hau shi ranar da kake da jirgin sama, sai in yana da inji.

Jaki

Jakunan Lamu dubbai ne, har akwai asibitinsu a bakin ruwa ta arewa, wanda wata ƙungiyar Ingila ta buɗe a 1987. Amma na aiki ne, ba tasi ba. Ba za ka tsaya a hanya ka tsayar da jaki ba. Hawa sai an shirya da mai shi ta hannun masauki. Ba sirdi, buhu ne ko ɗan akumari, ana zama can baya wajen ƙugu. Ƙanana ne, ƙato mai nauyi ya tausaya. Inda jaki yake da amfani na gaske ga baƙo shi ne hanyar Matondoni.

Wuraren da suka fi nisa

Matondoni ƙauyen masu sassaƙa jiragen ruwa ne da saƙar tabarma, a arewa maso yammacin tsibirin. A ƙafa kamar awa 2 ne cikin yashi da gonakin kwakwa, hanyoyi suna rarrabuwa ba alama, don haka da ɗan rakiya ake zuwa, da sassafe, da ruwan sha lita 2 ga kowane mutum. Da yawa sukan je ta ƙasa su dawo ta ruwa, amma sai an shirya jirgin tun jiya, a kuma daidaita da cikar ruwa.

Kangon Takwa a Manda, garin da aka watse daga cikinsa a ƙarni na 17, shi ne wurin da ruwa ya fi nuna ikonsa. Ana shiga ne ta wani siririn rafi tsakanin itatuwan mikoko masu tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma sai ruwa ya cika jirgi yake wucewa. Ana shiga yayin da ruwa ke hawa, a fito kafin ya juya. Idan nahodha ya ce awa ɗaya kake da ita a kangon, awa ɗaya ce. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto ya ƙara rabin awa, jirgi zai zauna a taɓo, sai a jira cika ta gaba cikin sauro. A maji mafu wani lokaci ba ya shiguwa sam.

Tsibirin Pate, inda garuruwan Pate da Siyu da Faza suke, ana zuwa ta mashigin Mkanda, shi ma siriri, a sauka a Mtangawanda, a ci gaba da babur ko mota. Jirgin haya yana da lokacin tashi da na dawowa, kuma in ka rasa na dawowa kwana ya kama ka. Ka tafi da shirin kwana ko da ba ka yi niyya ba.

Rairayin Ras Kitau a Manda yana kallon Shela, fito na minti 5. Ganin kusancin yana sa wasu tunanin iyo. Kada a gwada: idan ruwa na janyewa, mashigin yana ja da ƙarfi zuwa buɗaɗɗen teku, jirage masu gudu kuma suna ratsawa. A dogon rairayin Shela ma, da ka yi nisa ba shago, ba inuwa, ba mutane. A tafi da abokin tafiya, a bar fasfo da kuɗi a masauki.

Lokutan cunkoso da ranar tafiya

Maulidin Lamu, wanda Riyadha ke jagoranta a ƙarshen Rabi'ul Awwal, yana tara jama'a daga duk gaɓar Afirka ta gabas, haka bikin al'adu na Nuwamba mai tseren jakuna da na jirage. A waɗannan kwanaki ɗakuna suna ƙarewa, jirage suna cika fiye da ƙima, babbar hanya kuma ba ta biyuwa da sauri. Ka bi bakin ruwa ko lungunan sama. Da azumi gari yakan kwanta da rana ya tashi bayan isha'i, jiragen haya na rana su ragu, kuma daf da shan ruwa ba za ka sami mai tashi ba.

Ranar komawa, ka kama jirgin fito tun daren jiya, ka karɓi lambar nahodha, ka kira shi da safe. Daga Lamu ka bar masauki awa 2 kafin tashin jirgin sama, daga Shela ka ƙara rabin awa. Ka duba jadawalin ruwa: idan lokacin ya faɗo a janyewa, a Shela za ka iya shiga ruwa zuwa gwiwa kafin ka kai jirgi, don haka ka sa silifas da wando mai naɗuwa, takalmin tafiya yana cikin jaka. Ƙananan jiragen sama kan sauya lokaci, wani sa'in su matso da shi gaba, don haka ka leƙa ofishinsu a bakin ruwa ko ka kira su kwana ɗaya kafin nan. Ka ware kuɗin fito da na ɗan dakon Manda a aljihu daban, cikin ƙananan takardu.